Daga Ayarin Gwanja Zuwa Ƙarfen Sabis: Tarihin Cunkoson Waya a Tsakiyar Tamale

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta taso ne daga wani abu da ya same ni a kasuwar Aboabo da ke tsakiyar birnin Tamale, lokacin da na je nazarin Hausar mutanen zango. Na yi cinikin rigar saƙi, irin wadda a can ake kira batakari, wajen wani dattijo, muka shirya a kan zan biya shi ta waya. Sandunan sabis huɗu cur a fuskar wayata, amma sau uku ina tura kuɗin yana ƙin tafiya. A na huɗu aka cire kuɗin daga wajena, shi kuwa bai ga komai ba. Na fara gumi, don ga riga a hannuna, ga kuɗi sun maƙale a iska, kuma ni baƙo ne. Dattijon ya tura mini benci, ya ce, "Malam, zauna ka sha ruwa, wayan ya cika ne." Saƙon bai iso masa ba sai da aka yi sallar la'asar, kasuwa ta fara watsewa.

Ɗalibai za su lura cewa "wayan ya cika" ya ce, a inda Bakano zai ce "wayar ta cika". Wannan ɗaya ce daga cikin siffofin Hausar Gana, wadda ta zubar da bambancin jinsi. To amma abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓin kalmar. Bai ce babu sabis ba, cewa ya yi ta cika, kuma injiniya ma ba zai faɗa fiye da haka ba. Abin da takardar za ta bi diddigi ke nan: yadda aka yi saƙo ya riƙa isa wannan yanki tun zamanin fatake, da dalilin da ya sa a yau wurin da ya fi ko'ina yawan masu waya shi ne wurin da waya ta fi wahalar shiga.

2.0 Kafin waya

Tamale ba tsohuwar cibiyar ciniki ba ce. A ƙarni na 19 kasuwar da Hausawa suka sani a wannan yanki ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goron da ya fito daga kurmin Asante. Tafiyar watanni ce, kuma labari ba ya rigan ayari isowa. Madugu shi ne gidan waya, shi ne rediyo: a bakinsa ake jin wane sarki ya rasu, wace hanya ta ɓaci, nawa goro ya yi a Kano. Abin da ba a yarda a damƙa wa baki ba, sai a rubuta shi. Ba banza ba Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Fatauci mai nisa haka ba ya yiwuwa sai da amana, amana kuwa tana bukatar saƙon da zai isa.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, cinikin goro ya fara kauce wa Salaga, sa'annan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. A 1907 Turawa suka ɗauke hedikwatar yankin arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale, wadda a lokacin tarin ƙauyukan Dagwamba ce. Inda mulki ya sauka, nan ciniki ke bi. Haka zangon Hausawa da na Mosawa suka kafu a tsakiyar garin, kusa da kasuwa, kuma sunayen unguwanni irin su Sabonjida, wato Sabon Gida, suna nan suna ba da shaida.

Ita kuwa waya daga bakin teku ta faro. An ja layin tangaraho na farko a 1881 tsakanin Cape Coast da Elmina, aka kafa ofishin haɗa tarho na farko a Akara a 1892. (Tsofaffin fatake Ankara suke kiran Akara, kada ɗalibi ya ci karo da sunan a tsohon rubutu ya zaci Turkiyya ake nufi.) Daga nan layi ya riƙa hawa arewa a kan turaku, yana bin bukatar jami'an mulki, ba ta 'yan kasuwa ba. A wannan zamani ne Hausa ta ari kalmar "waya", wadda asalinta zaren ƙarfen ne kansa, ta haifi "gidan waya" da "buga waya" da "wayar tangaraho". Abin lura shi ne har yau muna "buga waya", alhali bugun na mai tangaraho ne da ke ƙwanƙwasa maɓalli, kuma babu sauran zaren ƙarfe tsakanin hannunmu da wanda muke kira.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe daga wannan zamani, domin zai sake dawowa. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun leburori ga ma'adinai da gonakin koko na kudu. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, bai taɓa wucewa zuwa Tamale ba. Duk abin da ya zo arewa, ta siririyar hanya guda yake zuwa, mai tsawon kilomita wajen 600 daga Akara, kuma a makare. Wutar lantarkin Akosombo ma, wadda aka gama madatsarta a tsakiyar shekarun 1960, ba ta kai Tamale ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980.

3.0 Daga layin gwamnati zuwa laimar bakin titi

A 1990 layukan tarho na ƙasar Gana gaba ɗaya ba su kai 50,000 ba, ga mutane wajen miliyan 15, kuma mafi yawansu a Akara suke. A Tamale, mai lambar gari 071 a lokacin, tarho kayan ofis ne da gidajen manya. Talaka in yana son magana da ɗan'uwansa a Kumasi sai ya je gidan waya, ko daga baya shagunan buga waya na 'yan kasuwa da suka yaɗu a shekarun 1990. Mafi yawan mutane ma direban mota suke ba wa saƙo, wato dai madugu ne ya sake kama.

Gana na cikin ƙasashen Afirka da suka fara samun wayar salula. Kamfanin Mobitel ya fara aiki a 1992, shekara tara kafin GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001. A 1996 Scancom ya buɗe Spacefon a kan tsarin GSM, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCA. Kamfanin gwamnati, Ghana Telecom, ya fito da nasa layin mai suna Onetouch a 2000. Sunayen nan sun yi ta sauyawa har suna rikita mai karatu: Spacefon ya zama Areeba a 2005, ya zama MTN a 2007, Mobitel ya zama Buzz, ya zama Tigo, ya haɗe da Airtel a 2017, aka sake masa suna AT a 2023, Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a 2008 a kan dala miliyan 900, shi ma Telecel ya gaje shi, sunan ya sauya a 2024. Dukkansu daga kudu suka fara kafa ƙarafunansu, inda kuɗi yake, sa'annan suka biyo titin Kintampo zuwa arewa.

A farkon shekarun 2000 layi da wayar kansu sun fi ƙarfin talaka, ga shi kira daga wani kamfani zuwa wani yana da tsada, yana kuma da wuyar shiga. Sai wata sana'a ta ɓullo: saurayi ko budurwa da tebur da laima da waya guda a bakin titi, ka biya kuɗin minti ka yi magana. Da yake daga Spacefon zuwa Spacefon ake kiran, sunan kamfanin ne ya bi sana'ar. A wannan zamani ne kuma aka ƙware a filashin, wato ka kira ka katse kafin a ɗauka, don mai kuɗi ya biyo ka. Dabara ce ta marar kati, amma kowane filashin sai ya nemi gurbi a na'ura kamar cikakken kira, bai kuwa biya ko kwabo ba.

Daga nan abin ya ɓalle. Masu layin salula a Gana kimanin 130,000 ne a 2000. Zuwa 2005 sun doshi miliyan 3, a 2008 sun haura miliyan 11. Ita ma Tamale tana ta kumbura: ƙidayar 1960 ta same ta da mutane wajen 40,000, ta 2000 ta same ta da fiye da 200,000, a 2004 aka ɗaga ta zuwa matsayin babban birni. Sayar da layi aikin minti biyar ne a ƙarƙashin laima, kafa ƙarfen sabis kuwa sai an nemi fili da izini da wuta da maigadi. Ba a jima ba ɗaya ya tsere wa ɗaya. A watan Oktoban 2007 NCA ta umarci MTN da Onetouch su dakatar da buɗe sababbin layuka har sai sun gyara ingancin aikinsu. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2008, Tamale ta karɓi baƙuncin rukuni guda na gasar cin kofin Afirka a sabon filin wasanta mai ɗaukar 'yan kallo wajen 20,000. Duk wanda ya san yadda na'urorin wancan lokaci ke aiki ya san abin da taro irin wannan ke yi musu.

4.0 Me ake nufi da cika?

A nan sai mun ɗan bar tarihi mun shiga lissafi, ɗalibai su yi haƙuri. Matsalar ta girmi wayar salula. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, A. K. Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kwapanhegan, shi ya fara warware ta a rubuce-rubucensa na 1909 da 1917. Tambayarsa ita ce: in mutane kaza ne ke da tarho, layi nawa za a tanada don kada a riƙa cewa layi ya cika? Amsar ta dogara ne a kan cewa ba kowa ke kira a lokaci guda ba. Saboda haka babu kamfanin da ke tanadar wa kowane mutum gurbinsa. Ana yin tanadi ne daidai da sa'ar da ta fi cunkoso a rana ta yau da kullum, a kuma yarda cewa kira biyu cikin ɗari za su faɗi.

A tsarin GSM kowane ƙarfen sabis yana da yankin da yake kula da shi, mu ce unguwarsa. Na'urar aikawa guda tana da gurbi takwas, ana ware ɗaya don gudanarwa, bakwai su rage na magana. Bisa lissafin Erlang, in muka ƙaddara kowane mai waya yana magana ta daƙiƙa 90 a sa'ar cunkoso, gurbi bakwai ɗin nan za su ishi mutum kusan 120. In aka ƙara na'urori har gurabun suka kai 30, za su ishi fiye da mutum 850. To, sai a auna wannan da tsakiyar Tamale. Babbar kasuwa da ta Aboabo da tashoshin mota da babban masallaci da bankuna duk suna cikin ɗan taƙi ne da mutum zai zaga da ƙafa. Da dare wurin ba kowa. Da hantsi kuwa mutanen Lamashegu da Kalpohin da Sakasaka da na ƙauyukan kewaye duk sun sauko da wayoyinsu, balle ranar kasuwa, wadda a ƙasar Dagwamba take zagayowa duk kwana shida, balle kuma ranar Juma'a ko jajibirin salla ko bikin Damba.

Sandunan da muke gani a fuskar waya ƙarfin muryar ƙarfen sabis kawai suke aunawa, wato kusancinmu da shi. Ba su san ko akwai gurbi ba. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin rijiya, yana ganin ruwa ƙuru-ƙuru, amma guga bakwai ne, masu jira ɗari biyar. Shi ya sa nake ganin Hausarmu ta Nijeriya ta yi hasara da ta tattara komai a cikin "babu sabis". Mutumin ƙauyen da ke hawa tudu ko bishiya don ya sami sanda guda, da ɗan kasuwar Aboabo mai sanda huɗu, ciwonsu daban ne, maganinsu ma daban ne. Na farko ƙarfe yake bukata mai dogon zango. Na biyu ƙarafuna da yawa yake bukata, ƙanana, kusa da juna, kowanne da 'yar unguwarsa, da kuma ƙarin zangon iska daga hukuma. (Kalmar "zango" ta yi mana aiki biyu a wannan takarda: masaukin fatake, da kuma zangon da rediyo ya koya mana a "gajeren zango". Dukkansu daga ma'anar tazarar tafiya suka fito.)

Ƙara ƙarafuna a tsakiyar gari kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Fili ya yi tsada, gidajen gado ne masu magada da yawa, kuma maƙwabta suna tsoron ƙarfe ya faɗo musu ko ya jawo musu ciwo, ga ƙarar janareta dare da rana. Koke-koke irin waɗannan ne suka sa gwamnatin Gana ta dakatar da kafa sababbin ƙarafuna na ɗan lokaci a 2010, ta fito da ƙa'idojin da suka matsa wa kamfanoni su riƙa tarayya a ƙarfe guda. A shekarar ce manyan kamfanonin suka fara miƙa ƙarafunansu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Helios da Eaton da ATC. A ganina dabarar ta yi kyau ta fuskar tsabtar gari da rage kashe kuɗi, sai dai tana da nata aibin: in wuta ta ɗauke a ƙarfe guda, layuka biyu ko uku ne ke mutuwa tare, mai waya mai layi biyu ya rasa inda zai gudu. An ɗanɗana wannan a shekarun ɗauke wuta na 2012 zuwa 2016, waɗanda mutanen Gana suka laƙaba wa suna dumsor, wato "kashe-kunna" a harshen Twi.

5.0 Siririyar hanyar ta dawo

Ko da an wadata tsakiyar gari da ƙarafuna, akwai sauran rina a kaba. Abin da ƙarfe ya tattara sai ya bi wata hanya zuwa manyan na'urorin kamfani da kuma wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda duk a gaɓar Akara suke sauka: SAT-3 tun 2002, MainOne a 2010, da Glo-1, sai WACS a 2012. Da farko faifan eriya ne ke miƙa wa faifan eriya daga ƙarfe zuwa ƙarfe har kudu. Daga baya aka binne wayar gilashi a gefen titi, kuma a 2015 aka kammala wani layin ta gabas, daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Babban abokin gabar wayar gilashi shi ne katafilar masu aikin hanya, kuma kamfanonin waya na Gana sun daɗe suna kuka da yawan tsinke musu ita. Garin da ke ta faɗaɗa tituna da haƙa magudanai, har ya sami gadar sama a tsakiyarsa a watan Maris na 2022, ba zai rasa wannan haɗari ba. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa matsalar daga can cikin teku ta taso, inda wayoyi huɗu suka lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa, intanet ta durƙushe a Gana da maƙwabtanta na kwanaki.

Zuwan 3G a wajajen 2008 da 2009, da 4G wadda MTN ya buɗe a 2016, ya sauya kamannin cunkoson ne kawai. A tsohon tsari in gurbi ya ƙare sai a ce maka layi ya cika, ka haƙura. A sabon tsari ba a korar kowa, sai dai a raba abin da ke akwai, kamar tuwo guda ga baƙin da ba a san adadinsu ba. Kowa ya sami loma, ba wanda ya ƙoshi: saƙon murya na WhatsApp yana ta juyi, hoton kaya ya ƙi sauka. Na ga irin wannan a tashoshin jirgin ƙasa da filayen ƙwallo lokacin da nake karatu a Turai, don haka kada a ɗauka ciwon Afirka ne. Bambancin yana wajen abin da mutum zai koma wa in wayar ta ƙi. Can akwai layin gida da na shago da katin banki. A Aboabo wayar ce kaɗai.

Nan ne kuma nauyin abin yake. Masu bincike sun nuna abin da waya ta yi wa ciniki a wannan yanki: Ragnhild Overå ta rubuta a 2006 yadda ta rage wa 'yan kasuwar Gana tafiye-tafiye, ta ƙarfafa amana tsakanin mai aikowa da mai karɓa, Jenny Aker kuma ta gano a 2010 cewa ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Tun da aka fara aika kuɗi ta waya a Gana a 2009, aka kuma haɗa asusun kamfanoni daban-daban a 2018, wayar ta tashi daga mai kai labari ta zama jakar kuɗin kanta. Mai doya da mai masara da mai man kaɗanya da mai adaidaita, kowa da lambarsa a rubuce a jikin kwali. A 2020 NCA ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa, abin da ke nufin mafi yawan wannan hada-hada a kan ƙarafunan kamfani guda take hawa. Hukuma tana auna yawan kiran da ya katse da wanda ya ƙi shiga, tana kuma cin kamfanoni tara, amma ban ga ma'aunin da ke ƙirga motar da ta tashi ta bar kaya don kuɗin dako bai shigo ba.

Dattijon nan mai batakari, da na ce zan bar rigar in dawo gobe, ƙi ya yi. Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ya ce kakansa daga can ya zo da jakuna, ya zauna a Salaga kafin a watse. Ya naɗe rigar a takarda ya miƙo mini tun saƙon bai shigo ba, ya ce in je in yi salla, in kuɗin sun zo zai yi mini filashin.